Ɗan Azumi, Mai Shelar Zangon Agege

Da an idar da sallar asuba, Ɗan Azumi zai rataya lasifikarsa a kafaɗa ya shiga lungunan Zangon Agege. Shi ne mai shelar unguwa: suna, ɗaurin aure, jana'iza, duk ta bakinsa ake ji. Masu ba shi saƙo kuwa sun sha fama da taurin kansa. Ka zo da bayani tuli, ya saurara tsaf, sannan ya ce, "Oga, wanne ɗaya kake so su tafi da shi gida?" Ɗayan nan kawai zai faɗa, kuma sai ya rataya shi a wuyan wani. Ba ya cewa jama'a a share kwata. Cewa yake yi, "Kyauta mai koko, kwatar ƙofarki tana gaishe ki!" Ana dariya ana neman tsintsiya.

A shekarar 2000, lokacin da Legas ke zaman ɗar-ɗar, jita-jita ta iso cewa an kashe 'yan Arewa a Iyana Ipaja. 'Yan okada suka taru a bakin layin dogo da gorori da adduna, wani ɗan ci-rani mai zafin kai, Mato, yana gaba. Dattawa suka yi ta ba da haƙuri, ko a jikin samarin. Sai Ɗan Azumi ya ratsa taron, ya kashe lasifikar, ya tsaya a gaban Mato.

"Mato ɗan Furera, duk wanda ya mutu a Zangon nan, ni ke faɗa. In tsallake layin nan za ka yi, gaya min tun yanzu: ƙarfe nawa zan ce a taru a yi maka sallah? Wa kuma zan aika wurin tsohuwa?"

Mato ya sauke gorarsa. Ɗan Azumi ya juya kan na kusa da shi, shi ma ya kira sunan uwarsa. A haka gorori suka yi ta sauka. Kafin la'asar aka tabbatar labarin ƙarya ne.

Bana muryar Ɗan Azumi ta dusashe, likita ya ce ya huta. Malam Ɗan Azumi, kai ne ka san sunan uwar kowa, ka kuma san ranar kiransa. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku masu wa'azi da masu neman ƙuri'a, ku rage surutu, ku dubi mutum ɗaya ku yi magana da shi. Ku tambayi Furera, wadda ɗanta ya je mata sallah da ƙafarsa.