Fizibil a Battar Taba

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina riƙe da bolan, wato sitiyarin mota, kuma na manta abubuwa da yawa, har da waɗanda mantawar ta rufa mini asiri. Amma ban taɓa mantawa da ranar da na fito da ɗan fizibil, wato fis na wutar mota, daga battar tabata a kan hanyar Buza ba, maigidana kwance a bayan mota yana neman numfashi. Ku direbobin yanzu kuna yi mini dariya saboda in an nuna mini mota, kafin in tambayi inji sai na danna kujera da hannu, in ce a kunna kilima, na'urar sanyaya mota, in ji. Kun ce Illa ya tsufa ya zama ɗan gata. To ku zauna ku ji mafarin abin.

Lakkwal, makarantar boko, aji biyu na yi, mushe malaminmu ya ce kaina ya fi dutsen Adar tauri, ni kuwa ban yi masa gardama ba. Tuƙi a hannun maigidana Baba Asumana na koye shi, zamanin da furoje, wani shirin raya karkara, ke gyaran ƙasa a Keita. Kamiyo muke ja, babbar motar ɗaukar kaya, mu kwaso duwatsu daga tsauni mu kai inda mata ke jera su don tare ruwa. Kujerar kamiyon katako ce, shi kaɗai ke da wani tsohon buhu da yake zama a kai. Bolan kuwa sai ka haɗa da ƙirji kafin ya juya. Duk ranar da na yi ƙorafin zafi ko ciwon baya, sai ya harare ni ya ce, "Direban da ya ji daɗi, barci shika yi." Na riƙe wannan magana kamar Fatiha. Na girma ina raina duk abin da ke sanyaya wa mutum a mota.

A ƙarshen aikina ambilans nake tuƙawa, a gidan likita na wani ƙauye bisa tsauni tsakanin Keita da Buza. Ga wanda bai san tsarin ba: mai riƙe da gidan likitan ƙauye shi ake kira majo. In ciwo ya fi ƙarfin wurin, majo ya rubuta takardar turawa zuwa babban asibiti, ya sa hannu a takardar izinin fitar mota, ni kuma in rubuta kilomita a kaye, littafin mota. Lamba dai na iya ta. Majonmu mace ce, Majo Rabi, sa'ar ɗiyata ta fari, ba ta da yawan magana.

Sai anka kawo muna sabuwar mota mai kilima. A satin farko Majo ta kunna ta muna cikin hawan tsauni, na ji inji ya ɗan yi nauyi, raina ya ɓaci. Da munka dawo na buɗe ɗan akwatin da ke ƙarƙashin bolan, na zare fizibil ɗin kilima. Ɗan abu ne mai ƙafa biyu, bai kai ƙwayar gyaɗa uku ba, amma in babu shi wuta ba ta wucewa. Na jefa shi cikin battar taba, washegari na ce, "Majo, kilima ta mutu, sai an kai ta Tawa." Ta yarda. Sau biyu tana rubuta takardar neman gyara, ba a samu damar kai motar ba. Haka munka ci bazara biyu.

In faɗa muku abin kunya? A lokacin nan shekaruna sun doshi sittin, bayana ya fara yi mini wa'azi. Na ɗinka ɗan matashi na ɓoye ƙarƙashin tabarmar salla da nake shimfiɗawa a kujerata. Ga ni ina zagin masu son daɗi, ga ni zaune a kan daɗin sata.

Ranar wata Talata ce cikin Afirilu, bayan azahar, irin zafin da ko jaki ke neman inuwar katanga. Sai ga amalanke a ƙofar gidan likita, Baba Asumana kwance a ciki, ɗiyarsa Hajo na yi masa fifita da mayafi. Ya daɗe da barin tuƙi, ya koma ƙauyensu kusa da mu. Ƙirji ne ya riƙe shi, numfashi yana fita kamar ana jan guga. Majo ta auna shi, ta yi masa allura, ta ce ba na nan ba ne, sai babban asibitin Buza.

Da munka ɗora shi a gadon mota ya buɗe ido ya gan ni.

"Kai na za ka kai ni?" in ji shi. "Allah shi sa ka koyi canza bitas." Giyar mota yake nufi.

"Ina nan ina koyo, Baba."

"Shekara talatin. Jakina ma da ya iya."

Munka kama hanya. Kun san ta, dutse da kwazazzabai, sai jar ƙasa. Ranar kuma manyan motoci sun yi yawa, kowace ta wuce sai ta bar muna ƙura kamar bango. Gilashi a buɗe, ƙura ta shigo, Baba ya kama tari har idanunsa sunka firfito. Majo ta ce a rufe. Munka rufe, mota ta zama tanda. Hajo tana jiƙa ƙyalle tana shafa masa, ƙyallen yana bushewa a hannunta. A buɗe, a rufe, a buɗe. Kowanne ciwo ne.

Sai na ji Majo ta ce, ba ma da ni take ba, "Da kilimar ga na aiki, da mun ruhe ya samu iska mai tsabta. Sau biyu ina rubuta musu."

Batta tana aljihun ƙirjina. Na ji ta kamar garwashi.

Ga abin da shaiɗan ya shimfiɗa mini a lokacin. Saura shekara guda in aje aiki da sunana fari. In na fito da abin nan, Majo za ta san ƙarya na yi mata bazara biyu, takarda za ta hau sama, mai yiwuwa a kore ni da furfurata. In na yi shiru, babu wanda zai taɓa sani sai ni da Wanda ya halicce ni. Kuma wa ya ce kilima magani ce? Na ƙara wuta, na ce wa kaina gudu shi ne taimako. Na yi tafiya mai nisa da wannan tunani, ta fi kilomita biyar. Duk abin da na aikata a aiki na yafe wa kaina, ban da wannan kilomita biyar.

Sai na ji Hajo tana cewa, "Baba! Baba!" ba ya amsawa.

Akwai wani gawo a bakin hanya, na taka birki a inuwarsa.

"Illa, mi kaka yi?" in ji Majo. "Ba mu da lokacin tsayi!"

"Majo, kilima lahiyarta lau."

"Mi ka ce?"

Na buɗe batta, na tono fizibil cikin garin taba, na hure shi, na goge a rigata. Sai a karo na uku ya shiga gurbinsa. Ina addu'a a zuci, don abin da ya kwana bazara biyu ba a taɓa shi ba yana iya yin fushi ya mutu da gaske. Na danna. Da farko ƙura da warin tsohon ɗaki ta huro. Can sai iska ta fara sauyawa. Ba wani sanyin kirki ba ne, amma sanyi ne. Munka rufe gilashi ruf, na ja mota. Majo ta koma kan mara lafiyarta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mun yi nisa kafin in ji muryarsa, ƙasa-ƙasa.

"Illa."

"Na'am, Baba."

"Wanga sanyi daga ina?"

"Kilima ta, Baba."

Ya shaƙi iskar. "Ashe haka manya ka ji."

Majo ce ta ba shi labarin fizibil, a gajarce, ba ƙari ba ragi. Ni kuma don in kare kaina na ce, "Baba, ai kai ka ce direban da ya ji daɗi barci shika yi."

Ya yi wata dariya da ta koma tari, Majo ta ce ya bar magana, ya ƙi.

"Wawa," in ji shi. "Kamiyonmu na da kilima na hana ka? Abin da ba mu da shi nika zagi, don kar ka zauna kana kukan shi. Buhun ga da nika zama bisa, ka taɓa buɗe shi?"

"A'a."

"Audugar rimi ta ciki. Uwar Hajo ta cusa min."

Hajo tana kuka tana dariya. Ni kuwa na ji matashin da ke ƙarƙashin tabarmata yana cizo na. Ashe ni da maigidana ɓarayin abu guda ne. Sai dai shi bai hana kowa ba, ni na hana.

Da la'asar munka shiga Buza, yana da ransa, yana magana. Kwana tara ya yi a asibiti. 'Ya'yansa maza sunka zo daga Madawa, ya gan su, ya yi musu wasiyya, ranar ta goma Allah ya karɓi abinsa. Ba na cewa kilima ce ta ba shi kwana taran nan, rai na Allah ne. Amma na san irin numfashin da yake yi kafin gawon nan da wanda yake yi bayansa.

A hanyar dawowa a ranar, daga ni sai Majo. Sai da munka wuce gawon ta yi magana.

"Baba Illa, ka tuna matar da ta haihu cikin motar ga bara, tana roƙon a ba ta iska?"

"Na tuna."

"Ka tuna tsohuwar da ta ƙone da wuta, da munka ruhe gilashi don ƙura kar ta shiga ciwon?"

Na ƙura wa hanya ido, ta ci gaba.

"Ban ce ka kashe kowa ba. Amma sun sha wuyar da ba tilas ba, maganinta na cikin aljihunka. Sai da naka ya kwanta ka fito da shi."

Ta rubuta rahoto a kaina ta aika sama. Haƙƙinta ne, kuma da ba ta rubuta ba da na raina ta. Anka aiko mini da takardar neman bayani, wadda ake ba ma'aikaci ya amsa laifinsa a rubuce. Wasu sun ce in nemi mai ilimi ya tsara mini Faransanci mai zaƙi. Na ƙi. Na zauna da aji biyuna na rubuta da Hausa, baƙaƙen suna tangaɗi kamar sawun kaza: ni na cire, ni na ɓoye, ni na yi ƙarya. Anka ba ni gargaɗi, anka sa a dosiyena, fayil ɗin aikina, anka bar ni na cika shekarata. A cikin shekarar nan na fito da matashina fili, na ɗora shi saman tabarma kowa ya gani.

Abin da na koya ke nan, ga wanda zai ji. Mu direbobi muna da wata cuta, muna ɗaukar wahala a matsayin gwaninta. Kana saurayi jikinka yana biya maka, sai ka ce kujera mai laushi da bolan mai sauƙi kayan ragwaye ne. To jikin nan aro ne, mai shi zai zo karɓa, daga gwiwa zai fara. Kuma ko kai ba ka buƙata, ba kai kaɗai ke cikin mota ba. Kafin ka raina wani abu a jikinta, sauka daga gaba, je ka kwanta a baya, a ja ka bisa dutsen Adar da rana tsaka.

Taba na bar ta tun a shekarar. Batta kuwa tana nan a aljihuna, babu komai ciki. Duk wanda ya ga na danna kujera ya yi dariya, sai in taɓa ta, in yi wa Baba Asumana addu'a, in haɗa da waɗanda na ɗauka bazara biyu ban san sunayensu ba.