Turmin Mama Saratu

Har na bar aiki ban manta da ranar da tsohon turmi ya kusa jawo mini dukan tsiya a Masaka ba. Lokacin farar hula sun dawo, kuɗi na yawo a Abuja, kowane darakta yana son falonsa ya fi na maƙwabcinsa. Ina aiki a wani kamfanin ƙawata gidaje a Wuse, ni ne mai sayo kaya. Hajiya Binta, mai kamfanin, takan zana yadda falo zai kasance, ni kuma in shiga kasuwanni in nemo abin da ta zana.

Salon da ake yayi shi ne a haɗa kujerun Italiya da kayan gargajiya: faifai a bango, tsohuwar ƙofa ta zama tebur. Sharaɗin ɗaya ne, kayan su zama tsofaffi na gaske. Ni kuwa na taɓa kawo mata sabon turmi fes, ina jiran yabo.

"Ɗanladi, na ce wanda ya sha daka, mai tsaga!" in ji ta. "Ƙarfe huɗu mai gidan nan na Maitama zai zo karɓar makulli. In babu turmin a falo, kada ka dawo ofis."

Na ɗauki motar kamfani sai Masaka. A bayan kasuwa na hango wata dattijuwa mai sayar da kunu, Mama Saratu, tana daka a wani turmi baƙi ƙirin, bakinsa duk ya cinye. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ina son turmin, zan ba ta sabo, in ƙara mata da kuɗi.

Ta ajiye taɓarya. "Sabo yana kasuwa. Me ya sa sai nawa?"

Maimakon in yi bayani, sai bakina ya ce, "Oga ne yake so. Sai wanda hannun mutum ya daɗe a kai."

Wayyo! Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu: "Jama'a, ɗan tsafi! Zai kai zufana Abuja a yi kuɗi da ni!"

Kafin in miƙe, 'yan acaba sun kewaye ni, wani har ya zare makullin motar. Na yi ta rantsuwa cewa ado za a yi da shi a falo, suka fashe da dariyar mugunta. Wa ke ado da fasasshen turmi? Da ƙyar wani dattijo ya yanke hukunci: Mama ta bi ni ta gani da idonta, 'yan acaba biyu su yi mana rakiya.

Muka isa Maitama ƙarfe uku da rabi. Hajiya ta ga turmin, ta rungume shi, ko kallon mutanen da ke bayana ba ta yi ba. Aka kafa shi a kusurwa, aka haska masa fitila. Mama Saratu ta tsaya tsakiyar falon tana kallon bango: faifan da ɓera ya ci, ƙwaryar da aka ɗinke, kwanuka duk sun ɓare. Sannan ta ja ni gefe.

"Ɗana, faɗa mini gaskiya. Mai gidan nan gobara ya yi?"

Na ce a'a, babban darakta ne.

"Kai, rufa masa asiri kake yi. Kuɗinsa ya ƙare a gini." Ta share ido da bakin zane. "Bar kuɗinka. Na ba shi turmin sadaka, Allah ya mayar masa da arzikinsa."

Daidai nan daraktan ya shigo da babbar riga, ta kama hannunsa ta ce, "Yi haƙuri, ɗana, kowa da irin jarrabawarsa." Ya ce amin, bai san hawa ba bai san sauka ba.

Aikina dai ya tsira. Ku da kuke shigowa sana'ar nan yanzu, kada ku taya tsohon kayan mutum sai kun fara gaya masa inda za a kai shi, da hoton falo a hannu. Kuma in ya tausaya wa mai gidan, ku ƙyale shi, kada ku tsaya gyara masa.