Kwana Uku a Bayan Kujerar Surukina

Na yi wata huɗu a Kuala Lumpur, a gidan 'yata, bayan an yi mini aikin ido. Gidan yana unguwar Bukit Jalil, a hawa na goma sha bakwai, ɗaki uku da falo. Mijinta yana koyar da lissafi a wata jami'a mai zaman kanta, kuma a kan takardar aikinsa izinin zamansu a ƙasar ya rataya, shi da ita da 'ya'yansu biyu. Shi ya sa hankalina ya tashi ranar da ta shaida mini cewa an ba shi sabon kwantiragi, yana da mako uku ya sa hannu, shi kuwa ba ya so. Niyyarsa ya zauna a gida yana cinikin kuɗaɗen ƙasashe ta kwamfuta, abin da samari ke kira foreks, ya riƙa ci da iyalinsa da shi.

A wurinmu suruki ba ya zama gaba da gaba da uban matarsa su yi gardama. Da safe yakan durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni, idonsa a ƙasa, ya wuce. Ko abinci ba ma ci tare. Saboda haka maganar ta zama ta aike, 'yata ce kuma 'yar aiken, tsakanin ɗakuna biyu da bango ɗaya ya raba. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake kiranta.

"Uwata, ki gaya masa na ce wannan ganganci ne, ba sana'a ba."

Sai ta je ta dawo. "Baba, ya ce ya ji, zai yi tunani."

Kwana goma sha biyu muka yi a haka. Wata rana na jiyo shi a baranda yana gaya wa abokinsa a waya, "Ai Baba ma ya amince, cewa kawai ya yi a bi a hankali." Na kira 'yata na tambaye ta. Ta sunkuyar da kai ta ce ba ta iya kai masa maganata yadda na faɗe ta ba, tasa ma ba ta iya kawo mini ita ɗanya ba, domin shi ya riga ya yanke shawara. Na gaya mata a makarantar mishan da na yi, wanda aka aika ya canza kalma ɗaya komawa yake yi ya sake. Daga ranar na sauke ta daga aikin.

Washegari bayan la'asar, lokacin da kasuwar Landan take buɗewa a agogon can, na ƙwanƙwasa ƙofarsa. Ya miƙe a firgice har kujerarsa ta bugi bango.

"Baba, da ka aiko ai da na zo."

"Aiken ne ya ɓata mana lokaci. Zauna ka yi aikinka. Na yi shekara ashirin ina duba makarantu, kuma ban taɓa yanke wa malami hukunci ba sai na zauna a bayan ajinsa."

Na ɗauko kujera na zauna a bayansa. Dole in faɗi gaskiya, ba abin da na zata na gani ba. Ba ya taɓa komai sai ya karanta labaran ranar. Yana da ƙa'idoji guda bakwai a takarda manne da bango, da rubutu mai tsabta. Kafin ya sayi kuɗin wata ƙasa yakan sa iyakar asara, wato wurin da kwamfuta za ta fitar da shi da kanta idan farashi ya juya masa baya. A rana ta farko ya yi awa uku yana kallon layukan ja da kore bai sayi komai ba, ya ce babu abin saye. Wannan ya burge ni. A rana ta biyu ya ci riba kaɗan, ya rufe.

A rana ta uku farashi ya faɗo ya taɓa iyakarsa, aka fitar da shi da asara. Ya kashe kwamfutar, ya kurɓi shayin da ya sayo a shagon mai shayi na ƙasan bene, irin wanda suke kira mamak, ko goshinsa bai yamutsa ba.

"Ba ka ji zafi ba?" na tambaye shi.

"A'a, Baba, ai ba komai. Sati mai zuwa albashi zai shigo."

 Sai na ce, "Ranar da babu albashi, ga kuɗin haya ya zo, ga na makarantar yara, wannan hannun naka zai bar iyakar a inda take, ko zai matsar da ita yana fatan farashi ya dawo?"

 Da ya buɗe baki, a hankali ya yi magana, amma bai rage komai ba. "Allah ya huci zuciyarka, Baba. Kai shekara talatin da biyar ka yi wa gwamnati aiki, ba ka taɓa makara ba. Aikin idon nan fanshonka ne ya biya?"

Ba fanshona ne ya biya ba, shi ya biya, kuma ya ce rabi daga wannan cinikin ya fito. Na amsa masa da cewa ya yi gaskiya. Ban ji daɗi ba, amma ba a musun abin da yake haka.

Sai na tambaye shi batun izinin zama idan ya bar aikin. Ya ce akwai wani dillali ɗan ƙasarmu a unguwar Setapak da ya yi alkawarin sa sunansa a wata kwaleji a matsayin ɗalibi, ba sai ya shiga aji ba, iyalin ma zai san yadda zai yi da su.

"Kai da digiri uku za ka koma ɗalibin ƙarya? Dillalin nan, in asiri ya tonu, shi za a kama ko kai da jikokina?"

"Mutane da yawa suna yi, Baba."

"Na ji. Ciniki naka ne, na ga ka iya shi, ba zan sake kiransa ganganci ba. Amma ban ga zai ba ka takarda ba, ban kuma ga zai biya ka wata-wata ba. Idan ka zaɓi dillalin, 'yata da yaran nan jirgi ɗaya za mu hau zuwa gida, tun izininsu na gaskiya bai ƙare ba. Ba zan aiko maka da wannan ta bakin kowa ba."

Saura kwana biyar a lokacin. Huɗu suka wuce bai ce komai ba, ni ma ban ƙara ba. A rana ta ƙarshe ya sa kwat ya fita da sassafe, da azahar 'yata ta ce mini ya sa hannu na shekara biyu.

Bai gode mini ba, ban kuma sa ran zai gode ba. Har na baro ƙasar gaisuwa ce kaɗai tsakaninmu. Yana nan yana cinikinsa da yamma idan ya dawo daga aji, wata ya samu, wata ya rasa. Ko da ya bar aikin zai iya riƙe gida da shi, ban sani ba, domin ni na hana a gwada. Mako biyu kafin tafiyata fasfo ɗinsu huɗu suka dawo daga ofishin shige da fice da sabon izini. Na karɓa na duba su ɗaya bayan ɗaya da idon da aka gyara, sunaye da ranar ƙarewa duk daidai suke.