Jirgin Baba Ba Ya Ɗaukar Fasinja

Mai gida ya ce in kwashe tarkacen saman bene kafin Juma'a. Na hau da gwiwoyin nan masu gardama, na ɗaga tamfol, sai ga layin dogon Baba.

Kafinta ne, maƙwabcina a unguwar Harra ta Gabas, nan Madina. Ya yi shekaru yana shimfiɗa wa ɗan jirgin ƙasansa na wasa hanya daga Madina har garinsu a Chadi, da dogon waya, da taragun gwangwani, da gadar katako mai warin gam. Ni da ko sunana sai na dangwala yatsa, ni ya naɗa shugaban tasha, ina loda ƙwallayen dabino.

Wata rana na tsokane shi: "Baba, duk kaya ne? Ina taragon mutane?"

Ya hure garin katako daga gadar. "Ja'iri, wa ya zo Madina yake neman kujerar komawa? Dabino ya je ya gaida mutanen gida, halas, shi ke nan."

Bai kuwa koma ba, nan muka binne shi.

Na gaji, ba ni da inda zan ajiye dogon. Tarago ɗaya na sa a aljihu. Allah Ya sanyaya makwancinsa, ni ma Ya hana ni kujerar komawa.