Karen Ƙasar Ƙanƙara a Abule Egba

A gidanmu na Agege, in an ɗauke wuta bayan magariba, murhun gawayin Kaka ne fitilarmu. Nan take gasa masara, mu jikoki mu kewaye ta, sauro na cin rabonsa a ƙafafunmu. Kaka ita ta haifi Baba, kuma ba ta fara tatsuniya sai masara ta soma ƙamshi.

Akwai maraicen da ba na mantawa. Baba gadi yake yi a wani babban gida a Abule Egba, sai maigidan ya sayo kare, wai asalinsa daga duwatsun wajen Rasha. Na taɓa hango shi ta ƙofa. Kansa kamar turmi, gashi buzu-buzu, tsayinsa ya kai ɗan maraƙi. Ran nan Baba ya dawo fuska a murtuke, ya tsaya tsakar gida yana faɗa wa Umma, kowa na ji.

"Oga ya ce in ban iya da karen nan ba, zai nemo wani maigadi. Ni mai sallah, ya zan yi da yawun kare a rigata? Ko kejinsa na dosa, sai ya yi kamar zai haɗiye ni. Gobe zan ajiye musu aikinsu."

Aikin nan kuwa shi ne cinmu, shi ne makarantarmu. 

Kaka ko kallonsa ba ta yi ba. Ta juya masara ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku, mai kunne ya matso."

Wai a can ƙasar duwatsu, inda ƙanƙara ke zuba kamar gari, kyarkeci ya addabi makiyaya, kullum sai ya ɗauke tunkiya. Sai wata tsohuwa ta tsinci kwikwiyo yana rawar ɗari. Ta ba shi madara, ta kwantar da shi cikin tumaki. Ya girma ya yi gashi irin nasu, ya yi ƙarfin da kyarkeci bai sake leƙo garken ba. Tun daga nan zuriyarsa ba ta yarda da kowa sai wanda ya fara tausaya mata, shi kuwa za ta tsare shi har mutuwa.

"To ku duba, 'yan nan," in ji Kaka. "A ɗauko mai bargo irin wannan, a kawo shi zafin Ikko, a kulle a keji. Ba mugunta ke damunsa ba, zafi ne da kewar gida. Da ni ce, ruwan sanyi zan riƙa watsa masa da rana. Riga kuwa, ai ba guda ɗaya Allah ya yi ba."

Mu dariya muka yi, don Kaka ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin firij. Baba ya shige ɗaki. Da safe na ga ya ninke wata tsohuwar riga ya sa a leda, ta aiki daban, ta sallah daban. Bai ajiye aikin ba. Kafin damina ta wuce, karen ba ya cin abinci sai daga hannunsa. A gidan nan Baba ya tsufa, da aikin nan muka yi karatu har muka gama.

Sai da na haifi ɗana na fari, na ji nauyin ambaton sunansa a gaban mutane, sannan na gane. Baba ɗan farin Kaka ne, kunya ba za ta bar ta ta zaunar da shi ta yi masa faɗa ba. Ashe tatsuniyar ba tamu ba ce, mu dai mun ci masara. Allah ya jiƙan Kaka da rahama. Har ta rasu ban taɓa jin ta kira sunan Baba ba, ban kuma ga wanda ya kula da shi kamarta ba.