Ƙwan da Nake Tara Masa

Shekarar da muka tashi daga Gozaki muka koma Funtua, gidan haya muka kama a bakin gari, wajen hanyar Maska, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Mai gidana direban babbar mota ne, yana kai masara da waken soya kudu. In ya tafi sai ya yi makonni ban sa shi a ido ba. Lokacin ba mu haihu ba, kuma ban san kowa a unguwar ba. A gidanmu ban taɓa cin abinci ni kaɗai ba, amma a nan sai in dafa, in zuba, in zauna ina kallon katanga har tuwon ya huce.

Shi ya sayo min kajin. Jajaye ne, irin na gidan gona, waɗanda ake sayarwa in sun fara ja da baya wajen ƙwai. Ya sauke su daga kan babur a ɗaure, wuyansu duk a tsige, ya ce, "Ga abokan hira na kawo miki. Mai su ya ce da sauransu."

Kafin ya koma hanya ya haɗa musu akurki a jikin katangar yamma, ya rufe shi da ragowar kwano. Ni kuma ina ba su dusar masara da ɗan abin da ya rage a tukunya. Ba su daɗe ba suka saba da ni. In na fito da safe sai su biyo ni har bakin murhu, ni ma har magana nake yi musu.

Da suka fara ƙwai na yi murna sosai, amma ban ci ba. Mai gidana ya koyo wani cin ƙwai a hanya: a fasa shi a mai ba a kaɗa ba, gwaiduwar na zaune a tsakiya kamar an ɗora ta. Sai na ce bari in tara masa. Na samu langa mai murfi na ajiye a kan kabad a ɗaki, kullum in ɗora na yau a kan na jiya. Bazara ce, ɗakin kuma ba silin. Da rana in ka shiga kamar an hura wuta a ciki.

Ya dawo wata ranar da yamma, a gajiye. Washegari na ɗora kasko, na zaro ƙwai daga ƙasan langa na fasa. Gwaiduwar ba ta ko tsaya ba, ta baje, farin kuma ya tsinke kamar ruwa. Na fasa wani, haka. Na canza hannu, na fasa a hankali a cikin kofi, duk ɗaya. A ƙarshe na kaɗa su da albasa na kai masa.

"Gwaiduwar ta ƙi tsayawa," na ce.

"Ba komai, ai ƙwai ne," ya ce. Ya cinye, ya yi barcinsa. Bayan 'yan kwanaki lodi ya samu, ya tafi.

Abin ya tsaya min a rai fiye da yadda ya kamata. Na yi tunanin ciwo ne ya shiga kajin, na yi tunanin hannuna ne, har bakin mutane na zarga, alhali ba wanda ke shigo min. Da yamma na kira wayar yayana a Gozaki na ce ya ba Inna. Ta saurare ni har na gama.

"Ƙwan yaushe ne kika fasa?"

"Na farkon bazara ne, Inna. Tarawa nake yi."

"Wa kike tara wa?"

"Shi mana."

Ina jiyo ƙannena suna gardama a bayanta kan wanda zai ɗaure awaki. Sai ta ce, "'Yar nan, a wannan zafin ƙwai ba ya jiran mai tafiya. In ya kwana biyu, 'yar fatar da ta riƙe gwaiduwar saki take yi. Ɗebo ruwa a roba ki zuba su. Wanda ya kwanta a ƙasa da sauransa, wanda ya taso ki zubar. Ke kuma me kike ci?"

Sai na ce mata katin wayata zai ƙare.

Na yi yadda ta ce. Da yawa suka taso suna yawo a kan ruwa, na haƙa rami a bayan akurki na binne su. Waɗanda suka rage sun fi ƙarfin cikina, kuma ban so su ma su lalace. Akwai wata dattijuwa a gidan da ke jikin namu, wadda nake jin dakanta ta katanga amma ban taɓa ganin fuskarta ba. Na saka hijabi, na ɗauki ƙwan a kwano, na yi mata sallama.

Hajiya ita ma ita kaɗai ce a gidan, 'ya'yanta duk suna wasu garuruwa. Ta karɓa ta sa albarka, ta ce ta ɗauka ba kowa a gidanmu. Na faɗa mata zancen gwaiduwa, na ƙara da cewa ko na ranar ma, duk da ya fi, ba shi da ƙwari sosai. Ta ɗauki mayafinta ta ce mu je ta gani.

Rana ta karkata yamma, tana dukan akurkin. Kajin sun buɗe baki suna haki, fukafukai a sake. Ta tsoma yatsa a gwangwanin ruwansu ta cire.

"Wannan ai ruwan wanka ne, amarya. Me kike ba su?"

"Dusa."

"Dusa zalla? Cika ciki ne kawai. Mijinki na jigilar waken soya, ki ce ya rage miki. Ki soya, ki niƙa, ki haɗa musu. Ki zo ki tsinki zogale a gidana. Kada dai ki bari a ce ki cika musu ƙulin auduga, ɗana ya taɓa yi, gwaiduwar ta riƙa fitowa da dabbare-dabbare."

Ta ɗaga ɗaya ta shafa ƙirjinta, ta ce wannan da waccan sun tsufa, ko me na ba su ƙwansu ba zai koma kamar na da ba.

Tare muka shimfiɗa karan dawa a kan kwanon akurkin. Ta ba ni tsohon kaskon ƙasa na ruwa, na riƙa canzawa safe da azahar. Ƙwai kuma na daina kai shi ɗaki, sai gindin randa, kuma ba ya daɗewa: in ci ɗaya, in kai mata sauran. A hankali gwaiduwar ta fara tsayawa, har launinta ya ƙara ja. Tsofaffin biyu dai ba su gyaru ba, da mai gidana ya dawo ya yanka su, na kai wa Hajiya romo.

Ta kan shigo bayan la'asar mu zauna a tabarma. Ba ta da yawan magana, wani lokacin ma gyangyaɗi take yi, amma ina jin daɗin zaman.

Da ruwan farko ya sauka ƙafarta ta matsa mata, ɗanta ya zo da mota ya tafi da ita Musawa. Ta bar min makullin gidan ta ce in riƙa duba zogalen. Duk damina na yi ina shiga, in share tsakar gidan, in tsinko wa kaji ganye, in kulle in fito. Da kaka wani mutum ya aiko matarsa ta yi sallama, ta ce su ne suka sayi gidan. Na ba ta makullin. Na tambaye ta jikin Hajiya, ta ce ita ba ta san ta ba.