Neman Rumbun Baba, daga Tsafe zuwa Bungudu

Ƙarfe biyar da kwata na asubahin Talata na fito da jakata, sai na tarar Baba ya riga ni shiri. Yana zaune a ƙofar ɗakinsa cikin farar rigarsa ta Juma'a, ya kafa hula, sanda a gefe. Na ce, "Baba, ai sai gari ya waye sosai za mu kama hanya." Ya ce, "To ni na hana shi wayewa?"

Ga yadda aka yi tafiyar ta taso. Ni tela ne a Gusau, kuma ina da wata cuta da matata ta gaji da nema mini magani, wato kallon wani fim ɗin Hausa mai dogon zango, labarin wasu manoma a ƙauyen da ke gindin dutse. Duk mako in sabon kashi ya fito, sai in ture ɗinkin mutane in kalla a waya, in na koma gida in sake kallo tare da Baba. Shi Baba tsohon magini ne na ginin ƙasa, ya ba tamanin baya, kuma bana mantuwa ta fara kama shi. Yakan ci tuwo ya ce ba a ba shi ba.

Ran nan muna kallo aka nuno gidan jarumin, ga wani ƙaton rumbun ƙasa a tsakar gida, irin wanda mutanenmu ke kira ruhewa. Baba ya riƙe mini hannu ya ce in tsayar. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wagga ruhewa ni nig gina ta." Duk muka kwashe da dariya, har da ni, Allah Ya yafe mini. Yayana Lawali ya tambaye shi a wane gari, Baba ya yi ta laluben sunan, ya rasa. Lawali ya ja ni gefe ya ce, "Ka gani ko? Abin ya kai inda ya kai. Daga yau a bar kawo mai maganar gini, ruɗa shi kawai za a yi." Bai rage murya yadda ya kamata ba. Tun daga ranar Baba ya daina sa baki a hira, fim ɗin ma ya daina kallo. Abin ya tsaya mini a rai, na ce wallahi sai na kai shi gaban rumbun nan, ko nasa ne ko ba nasa ba ne mu gani da idonmu.

Shirin ya ci mini mako biyu. Na ciro hotuna uku daga fim ɗin, na dutse da na kasuwa da na rumbun, na kai su tasha, don babu wanda ya san ƙasa kamar direba. Dutsen kam kafin in gama miƙa waya suka haɗa baki, na Kwatarkwashi ne. Kasuwa aka ɗan yi gardama, aka tsaya a kan Tsafe. Rumbu kuwa wani ya ce, "Malam, rumbu ai rumbu na, ba shi da lamba." Na ɗauki shatar motar wani dattijo, Malam Ummaru, ta kwana biyu. Sharuɗɗansa biyu: ba fita kafin bakwai, kuma la'asar ta same mu a Gusau, don kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki.

TALATA: KWATARKWASHI DA TSAFE

Bakwai da minti goma muka bar Gusau ta hanyar Funtuwa, Baba a gaba, ni a baya. Lokacin kaka ne, an yanke gero, dawa kuma ta sunkuyar da jajayen kawunanta dama da hagu. A shingen farko wani soja ya leƙo ya ce, "Baba, ina zuwa?" Baba ya ce, "Rumbu za mu gani." Sojan ya dube ni, ya dubi direba, ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Kafin takwas dutsen ya fara tasowa a gabanmu. Na sha wucewa ta nan, amma kullum kaina na cikin waya, ban taɓa tsayawa na dube shi ba. A fim ɗin duk girmansa bai wuce tafin hannuna ba. Da muka ajiye mota muka taka zuwa gindinsa, na ɗaga kai don in ga ƙarshensa, sai da hulata ta faɗi. Dutse ne guda, sumul, ga baƙin shatin ruwan damina ya zubo tun daga sama har ƙasa, can ƙololuwa wasu manyan tsuntsaye suna shawagi ba tare da sun kaɗa fiffike ba. Inuwarsa kaɗai ta rufe gonaki da yawa. Tsigar jikina ta tashi, na rasa abin faɗi sai subhanallahi. Malam Ummaru ya ce, "Shekara talatin ina bin hanyag ga, ban taɓa wuce shi ban rage wuta ba."

A fim ɗin gidan jarumin yana manne da gindin dutsen ne, don haka na ɗauka mun iso. Muka tarar da wani manomi yana ɗaurin karmami, na nuna masa hoton. Ya ce tabbas 'yan fim sun zo, kwana biyu suka yi, har ya nuna mini falalen da jarumin ke zama in yana cikin damuwa. Na je na zauna a kai, ba kunya, na sa Malam Ummaru ya ɗauke ni hoto. Sannan na ce, "To gidan fa?"

"Wane gida?"

"Gidan da ke nan, mai rumbu."

"Nan ba gida, Malam, tun kakana gona ta. Dutsen kawai sunka ɗauka sunka tahi."

Ashe haɗa mana aka yi: dutse a wani wuri, gida a wani wuri, aka ɗinke su kamar yadda nake haɗa hannun riga da jikinta. Ni da sana'ata ce haɗi, ban ga ɗinkin ba! Na juya na ga Baba yana tsaye, yana duban gonar da babu komai a cikinta. Ya koma mota. A nan na fara tunanin ko Lawali ne mai gaskiya.

Muka ci gaba, muka wuce shingaye biyu, goma da rabi muna Tsafe, tafiyar kusan kilomita hamsin daga Gusau. Ga tsaunuka sun zagaye garin, ga masu rake da dankali da gyaɗa sun jeru a bakin titi. Muna shiga layin masu abinci na gane wurin: ga rumfar da jarumin ya sayar da akuyarsa, ga bishiyar da aka yi rigima a ƙarƙashinta. Can na hango wata mata tana juya waina, na ce, "Hajiya, ba ke ce a kashi na tara ba, bayan mai akuya?" Ta fashe da dariya ta ce ita ce, kuma ita ta ciyar da su duk kwanakin da suka yi. Na zauna na ci wainar mutumin fim, uku naira ɗari biyar, da miyar taushe. Baba ya ce fura kawai zai sha.

Na nuna mata rumbun. Ta ce, "Wanga ba nan ba na. Daga nan Bungudu sunka nuhwa. Na ji suna ƙorahin sauro, da cewa sai an ƙetare gulbi da kaya bisa kai." Na ji kamar ta ba ni kyautar kujerar Makka. Biyu saura kwata muka shigo Gusau lafiya.

Lawali na jiranmu a zaure. Da ya ji ba mu ga komai ba ya ce, "Aminu, kana wahalad da tsoho kan abin banza. Gobe da ni za a tahi, in mun je babu, magana ta ƙare." Na ce na yarda.

LARABA: BUNGUDU

Bakwai da rabi muka kama hanyar Sakkwato, mu huɗu. Bungudu ba nisa, kilomita ashirin da 'yan kai, shinge ɗaya tak, takwas da minti biyar mun sauka. 'Yan kabu-kabu suka yanyame wayata, ɗaya ya ce shi ya riƙa ɗaukar mai kyamarar. Malam Ummaru ya tsaya wurin mota. Na sa Baba a tsakiya a kan babur ɗaya na riƙe shi ta baya, Lawali ya hau nasa, muka yi kamar minti ashirin cikin gonaki har bakin gulbi.

Wannan gulbin shi ma ya fi ƙarfin waya. Ruwa ya ja baya ya bar farin yashi mai faɗi, ga fadama kore shar, ana shirin dashen albasa, ga balbelu fari fat a kan shanu. Ruwan ya kai gwiwa. Lawali ya naɗe wando, ya durƙusa ya goya Baba, yana tafe yana mita.

Tun daga nesa muka hango jinkar rumbun ta zarce katangun ƙauyen. Maigidan, Malam Sahabi, mutum mai kimanin shekara hamsin, ya tarbe mu da ruwa, ya ce ya saba da masu zuwa ɗaukar hoto. Gidan ƙarami ne, bai kai rabin yadda ya fito a fim ba. Rumbun kuwa fim ɗin ma rage shi ya yi. Yana zaune a kan duwatsu, tsayinsa ya fi mutum biyu, cikinsa ya buɗe sannan ya tsuke a wuya kamar tulu. Ni da Lawali da Malam Sahabi muka haɗa hannu, ba mu zagaye shi ba. Babu ƙarfe, babu katako, ƙasa ce da ciyawa kawai, kuma kaurin jikinsa bai fi faɗin tafi ba. Na tsaya baki buɗe ina tambayar kaina yadda hannun ɗan Adam ya tayar da wannan.

Lawali bai faɗi abin da ya kawo mu ba. Ya ce, "Malam, wa ya gina ta?"

"Wallahi ta girme ni. Bari a tambayi Inna."

Wata tsohuwa, mahaifiyarsa, ta fito tana dafa bango. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta ce, "Shekarar da anka kawo ni gidan ga anka gina ta. Wani bahago na daga Gusau, Isa Bahago aka ce mai. Kwana arba'in yay yi, ni ka dama mai hura. Ku dubi shatin yatsu, duk sun karkata baibai, ba irin na sauran magina ba."

Na dubi Lawali, Lawali ya dubi ƙasa. Sunan Baba Isa. Da dama yake cin abinci, amma duk wani aiki da hagu yake yinsa, tun muna yara mun san haka.

Shi Baba ko sauraro bai yi ba. Ya zagaya bayan rumbun, sai muka ji muryarsa, irin wadda muka yi mako biyu ba mu ji ba. "Wane mara hankali yas sa mata siminti?" Ashe wata tsaga ce aka toshe. Malam Sahabi ya ce shi ne, don ya rasa mai gyara. Baba ya ce siminti ba ya zama da ƙasa, damina biyu zai ɓalle ya tafi da rabin bango. Ya ce a kankare, a kawo ƙasar suri da busasshiyar ciyawa da ruwa. Sannan ya nuna Lawali da sanda. "Kai, tuɓe riga ka taka." Lawali, mutumin da ko ɗigon mai ba ya bari ya taɓa masa shadda, ya tuɓe ya shiga kwaɓi har idon sawu.

Baba ya ce da so samu ne a bar ƙasar ta kwana uku, amma zai fara, Malam Sahabi ya ƙarasa yadda ya nuna masa. Ya ɗebo da hagu ya manna, ya shafa. Hannun nan da ke rawa in ya riƙe kofin shayi bai yi rawa ba. Na matsa kusa na duba: sabon shatin yatsunsa ya faɗa daidai cikin tsohon, ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Inna ta kama baki tana salati. Ni dai hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba, na kunya da na murna a haɗe.

Malam Sahabi ya rantse sai mun ci tuwon dawa da miyar kuka, ya haɗa mu da damin gero. Ɗaya da rabi muka ƙetare gulbi, wannan karon Lawali bai yi mita ba. Uku saura minti ashirin muna ƙofar gida.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Malam Ummaru, Hajiya mai waina, Malam Sahabi da Inna, Allah Ya saka musu da alheri, ban da abin biyansu sai addu'a.

Bayan la'asar aka kawo wa Baba ruwa. Ya miƙa hannu, sai ya tsaya yana duban jar ƙasar da ta maƙale masa a farce. Ya ce, "Wagga ƙasa hwa? Ina munka je?"

Na buɗe baki, Lawali ya riga ni. Ya durƙusa a gabansa ya ce, "Ruhewarka munka je gani, Baba. Wadda kag gina bayan Bungudu."

Baba ya sake duban farcensa. Sannan ya ce, "Tana nan tsaye?"

"Tana nan tsaye, Baba."

"Gara ba ta shige ta ba?"

"Ba ta shige ta ba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To, madalla." Daga ranar zuwa yau ya yi wannan tambayar ya fi sau goma, kuma duk lokacin Lawali ne ke ajiye abin da yake yi, ya zo ya zauna ya ba shi labarin tun daga farko.